Shirun Tela da Wandon Ango

A bakin ƙofar zauren wasa ta fara ganinsa, yana rungume da dutsen guga da wani wando mai ƙatuwar huda. Ita ma ga nata wandon a hannu, da tasa hudar. Suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu.

Gasa aka shirya: ƙungiya biyu, wasa ɗaya. Wasan barkwanci ne da Babanta ya rubuta tun kafin a haife ta, labarin telan da ya ƙone wandon ango da safiyar biki. Ita ce daraktar ƙungiya ɗaya, saurayin nan da kowa ke kira Dogo kuma shi ne na ɗayar.

A inda ango ke shigowa shago, layi ɗaya Baba ya rubuta: "Tela ya yi shiru." Ita ta bi layin sau da ƙafa. Telanta ya tsaya ƙyam, 'yan kallo suka yi murmushi kawai. Dogo kuwa ya sa nasa telan ya kurma ihu, ya yi tuntuɓe da keken ɗinki, ya dira ta taga. Mutane suka yi ta riƙe ciki. Baba ya miƙe ya fice. Alƙalai suka ce kunnen doki, a sake karawa bayan wata guda.

Watan nan kuwa ya ishi soyayya ta yi musu mugun kamu. Yana kiranta Shiru-shiru, tana kiransa Mai Hayaniya.

"Shiru-shiruna," ya rubuto mata, "tun safe nake hayaniya ni kaɗai, babu mai ce min in yi a hankali. Na yi kewarki."

Da ta kai wa Baba maganarsa, ko ɗago kai daga jarida bai yi ba.

"Wanda ya goge min layi bai tambaye ni ba? Gobe me zai goge a rayuwarki? A bar zancen."

Tana cikin wannan damuwa ta ji wai ana ganin ɗan wasanta, mai fitowa a tela, yana shiga ɗakin atisayen Dogo kullum da yamma. Ranta ya ɓaci matuƙa.

"Ashe telana kake nema, ba ni ba," ta tura masa.

"Ki zo ranar gasa, ki zo da Baba," ya amsa. "In ya sake fita, ba zan ƙara damunki ba."

Ranar, ƙungiyarta ta yi nata, aka tafa. Ta zauna gefen Baba. Wasan Dogo ya kai wurin nan, ango ya shigo. Tela bai yi ihu ba, ya tsaya ƙyam, irin tsayuwar da ta koya wa nata. Sai a lokacin ta gane abin da Dogo ke nema a wurin ɗan wasanta.

Ita a nata wasan uku take ƙirgawa ta saki shirun. Wannan ya wuce biyar, ya wuce goma, har ana jin ƙarar fanka. Sannan a hankali tela ya ɗaga wandon, ya leƙo ango da ido ɗaya ta cikin hudar.

Zauren ya kece. Baba, wanda ba ta taɓa ganin haƙoransa a wurin wasa ba, yana dukan cinya yana share hawaye.

Bayan an miƙa wa Dogo kofi, kai tsaye ya zo ya durƙusa gaban Baba.

"Shekara talatin ina jiran wanda zai yi haƙuri da shirun nan har ya haifi dariya," in ji Baba.

"A wurin 'yarka na koyi shirun, Baba. Leƙen ne kawai nawa." Ya ɗora kofin a hannunta.

"To ka turo manyanka."

Ranar aure, Baba ya tare ango a ƙofar gida, ya ce ya juya. Ya duba wandon gaba da baya, kowa ya yi tsit. Ita tana daga ciki tana ƙirgawa, sai da ta kai goma.

"Babu huda," in ji Baba. "Shiga, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya cika gidanku da dariya."