Wanda Ya Karkatar da Masu Neman Allura

Da hantsin ranar da aka sauya injin bincike a shafin shagonsa, mai shago ya zauna ya gwada sabon abu da hannunsa. Kekunan ɗinki yake sayarwa da kayan gyaransu, kuma rabin cinikinsa ta intanet yake shigowa. Ya rubuta "allura" a wurin nema. Maimakon alluransa su fito, sai ya tsinci kansa a shafin wani shago daban. Ya rubuta "zare", nan ma haka. Da ya karanta sunan mai wancan shagon, nan take ya gane shi. 'Yarsa ce, wadda suka yi cacar baki kan yadda za a tafiyar da kasuwancin, har ya ce mata in ta fita kada ta dawo. Ta kuwa ɗauke shi da gaske. Tun daga nan kewarta take cin sa, girman kai kuma ya hana shi ɗaga waya.

Fushi ya kai shi ofishin 'yan sanda kafin tunani ya iso. Sai da ya shigar da ƙara ya gane cewa in har ita ce, shi da hannunsa ya miƙa 'yarsa kotu.

Sufeton da aka ba aikin mace ce marar gaggawa, ba ta kuma jin kunyar tambayar abin da ba ta sani ba. Ta fara da injiniyan da ya yi sauyin, a ɗan ofishin bayan shago mai warin man keke.

"Kai ka juya masu saye zuwa wani shagon?"

"Ranki ya daɗe, ni kwasar kaya kawai na yi daga tsohon gida zuwa sabo."

Ya yi mata bayani cewa kusan kowane shago yana da irin wannan umarni: wanda ya rubuta "garanti", a wuce da shi shafin garanti kai tsaye. Sabon inji ba ya gadon waɗannan umarni, sai an kwafe masa su. Shi kuma ya kwafa duka, bai tsaya bin kowanne ba.

"To me ya sa ba a taɓa gani ba sai yau?"

Ya buɗe tsohon injin, ya ɗan jima yana dubawa. Ashe umarnin allura da zare yana da sharaɗi: kada ya yi aiki ga wanda ya shigo ta intanet ɗin shago ko na gidan mai shago, don kada su gani. Sabon injin bai san wannan sharaɗi ba, ya ɗauki umarnin ya yar da mayafinsa. An kuma kafa umarnin tun kafin injiniyan ya san hanyar shagon. Sufeto ta sallame shi.

Mai kula da sito ko kalmar sirrin shiga shafin ba shi da ita. Ya dai ce ya lura allura ta daina tafiya, har ya fara zaton teloli sun koma ɗinki da ƙaya.

Saura 'yar. Sufeto ta fita waje ta kira ta. Ta ce ran da ta bar shagon aka rufe mata hanyar shiga, masu sayen da ke zuwa mata kuwa ta ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Injiniya ya duba tsohon injin ya tabbatar an rufe ɗin, kuma sai bayan haka aka kafa umarnin.

Sufeto ta dawo ta tambayi mai shago yaushe aka sa intanet a gidansa. Ya ce bayan tafiyar yarinyar ne, da matarsa ta karɓi aikin ɗora hotunan kaya da farashi, aikin da ta koya tana zaune kusa da 'yar. Ta tambaye shi ko akwai wanda bai so a sauya injin ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce maman yara, ita da ba ta son a sauya ko labulen taga. Murmushin bai daɗe a fuskarsa ba.

Matar tana bakin ƙofa da kwalin almakashi a hannu. Sufeto ta warware mata lissafin a hankali. Ɓarawon waje zai iya ɓoye umarnin ga intanet ɗin shago, amma ba zai san intanet ɗin gida ba. 'Yar ma ba ta san shi ba, tunda bayanta aka sa. Mutum biyu ne suka san intanet ɗin shago da na gida kuma suke iya shiga shafin, ɗayansu shi ne ya kawo ƙara.

"Mama, ke ce?"

Matar ta ajiye kwalin. Ba Sufeto ta kalla ba, mijinta ta kalla.

"Ka hana a ambaci sunanta a gida. Abinci ba ni da halin aika mata, sai na aika mata masu saye. In na ga allura ta kwana a sito, na san ta ci abinci ranar."

Mai shago ya daɗe yana kallon shafin 'yarsa. Ta jera kayanta daga ƙarami zuwa babba, daidai yadda yake jera nasa. Injiniya ya leƙo ya tambaya ko ya goge umarnin, aikin ɗan lokaci ne. Ya ce a bar shi. Ƙara kuma ya ce ya janye.

Sufeto ta miƙe za ta tafi, ya tsayar da ita da murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, da kika kira ta... lafiyarta ƙalau? Muryarta tana nan yadda take?"

"Baba, ni ban san yadda take a da ba."

Ta miƙa masa wayarta, lambar tana sama. Ya goge man keke daga yatsunsa a jikin riga, sannan ya karɓa.