Mai Jan Ƙafa, Kashi na Biyu

A rumfar masu tura fina-finai a waya, cikin kasuwar Tambuwal, Hamdiyya ta fara ganin Kamilu. Ta zo daga Kebbe ziyara gidan goggonta, ta tsaya a sake tura mata Mai Jan Ƙafa, wani fim na ban tsoro da samarin garin suka haɗa. Da yake bakinta ba ya shiru, sai ta hau yabonsa: sau huɗu ta kalla, ba a taɓa nuna aljanar ba, sai dai a ji ƙarar ƙafarta tana jan ƙasa a bayan ƙyaure, kuma nan ne duk daɗin yake.

Wani dogon saurayi da ke zaune kan benci ya kasa ɓoye murmushi. Mai rumfar ya nuna shi ya ce ai ga wanda ya shirya fim ɗin nan. Hamdiyya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ba ta bar wurin ba sai da lambarta ta shiga wayar Kamilu.

Kafin damina ta tsaya soyayya ta yi nisa. Yana kiranta Alƙaliyata, don ba ta barin kuskure ya wuce, ita kuma tana ce masa Darakta. Da ya yi mata kukan rashin wurin ɗaukar kashi na biyu, ita ce da bakinta ta ba shi labarin tsohuwar tsamiya da ke tsakiyar gonar babanta, Malam Ladan. Ya tambaye ta ko Baba ya yarda. Ta ce ya yarda, alhali ko zancen ba ta yi masa ba.

Ranar da fim ɗin ya fito ta tura masa saƙo:

"Darakta na, tsamiyar ta yi, ni kaina da na girma a ƙarƙashinta sai da tsigar jikina ta tashi. Sautin ma ya fi na farko fita. Amma don me ka nuna fuskar aljanar? Da na ga alli a goshinta tsoron ya gudu. Kuma labarin ya yi tsawo, mutum uku sun mutu ba dalili."

Ya amsa: "Alƙaliyata, na karɓi hukunci. Ni dai kada sonki ya lalace kamar kashi na biyu, ki bar ni da irin na farko."

Ta yi dariya, ba ta san mutanen Kebbe ba su ga alli ba. Tsamiyar suka gani, suka kuma gane ta. Cikin mako guda zance ya cika gari cewa da ma can akwai abu a gonar Malam Ladan, kyamara ce kawai ta tona. Dawa ta nuna, 'yan ƙwadago suka ƙi shiga. Aka kira gayya, mutum biyu suka zo, su ma daga bakin gona suka juya. Ga shi mai gari ya riga ya sa ranar sakin shanu cikin gonaki, saura kwana biyar. Duk abin da ba a yanke ba kafin ranar, rabon dabbobi ne, kuma wannan dawar ce abincin gidan na shekara.

Malam Ladan ya ji cewa mai fim ɗin shi ne yaron da ke zuwa wurin ɗiyarsa. Ya kira ta zaure.

"Wanga yaro ya shigam min gona ba sallama," ya ce. "Ko ƙofar gidan ga kada in ƙara ganinai. Ba ni ba da ɗiyata ga mai saida tsoro."

In ta yi shiru, Kamilu ya tafi da laifin da ba nasa ba, in ta yi magana kuma ta san abin da za ta gani a idon babanta. Ta durƙusa.

"Baba, shi ya tambaya. Ni ce na ce mishi ka yarda."

Tsohon ya kalle ta. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mata zafi. Ya ɗauki laujensa ya tafi gona shi kaɗai, mutum mai shekara sittin da ciwon baya.

Tana kuka ta rubuta wa Kamilu komai, har da ƙaryar da ta yi masa. Saƙon ya nuna an karanta, amsa ba ta zo ba. Wuni ya wuce, wani ya biyo. Ta kira sau tara bai ɗaga ba. Ta saddaƙar ta yi asarar biyu, yardar uba da masoyi.

Da hantsin kwana na uku ta kai wa babanta fura gona, sai ta tarar da babura huɗu a gindin tsamiyar. Kamilu ne da duk waɗanda suka fito a fim ɗin, kowa riƙe da lauje kamar wanda aka ba aron hannu. Har da Mannir, ƙaton da ya sa zane ya fito a aljanar, yana ta haki. Mutanen da suka taru daga nesa suka gane tafiyarsa, dariya ta ɓarke, amma da farko ba wanda ya matso. Sai da rana ta take, aka ga ba abin da ya taɓa kowa, sannan maƙwabta suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Kamilu ya matso kusa da ita, bai yi murmushi ba.

"Kin ɓata min rai, Hamdiyya. Amma fushi nika yi, ba tafiya ba."

Kwana biyu suka yi suna yanka. Duk da haka ba su gama ba: ranar da aka saki shanu, kusurwar gabas na tsaye, suna gani dabbobi suka shige ta. Malam Ladan ya ƙirga dammunan da suka tsira, ya juyo ya kama hannun Kamilu ya buɗe. Tafin duk ya yi kanta ya farfashe.

"Sallama aka yi kafin a shiga gonar mutane," ya ce. "Ka turo manyanka su yi ta ga ƙofar gida."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Kebbe. Da za a tafi da amarya Tambuwal, Malam Ladan ya dafa kan ɗiyarsa, ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Hamdiyya ta fashe da kuka, mata suna guɗa, tsohon yana ta maimaitawa: Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya.