Da'ira Uku a Hannun Hagu

'Yata ta biyu, wadda yaran gida ke kira Gwaggo, ita ta kawo zancen. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba.

"Inna, kin ji? Malamin lissafin nan da ke neman takwararki ba shi da lafiya!"

"Me ke damunsa?"

"Mugun ciwo! Na fata... wasu ma sun ce ya shiga jini. Duk mako sai an gan shi a asibitin jami'a ana ɗibar jininsa. Ke kin taɓa ganinsa da riga mai gajeren hannu? Ko a wannan zafin?"

"Wa ya gan shi?"

"An ce."

"Shi wannan An ɗin a wace unguwa yake? Shekarata saba'in da huɗu ina jin labarinsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Ta tura baki. "Ke dai Inna komai sai kin yi musu. To Yaya, uban yarinyar, ya riga ya ji. Ya ce ranar Asabar zai aika wa iyayen malamin kada su wahalar da kansu su zo."

Ranar nan Talata ce.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin nas. Na ga ƙazwa, na ga kirci, na ga makero, na ga cututtukan da ko sunansu ba a so a faɗa. Na kuma ga lafiyayyun mutane da surutu kaɗai ya kwantar. Saboda haka na sa aka kira mini jikata, wadda aka sa wa sunana, 'yar shekarar ƙarshe a jami'a.

Ta shigo idanunta jawur.

"Takwara, me ke hannun angona?"

"Lafiyarsa ƙalau, Kaka. Wallahi lafiyarsa ƙalau!"

"To faɗa wa ubanki mana."

"Ba zan iya ba..."

"Ba za ki iya cewa lafiyayye lafiyayye ne ba?"

Ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka. "Idan na faɗa, Baba ba zai yafe mini ba. Idan na yi shiru, na rasa shi. Kaka, ya zan yi?"

Na shafa kanta. Kukan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya tsaya mini shi ne, wace irin lafiya ce faɗinta zai ɓata wa uba rai?

Washegari da la'asar na aika wa malamin ya zo ya gaishe ni. Ya zo, dogo, mai sanyin murya, hannayen rigarsa a ɓalle har wuyan hannu. Kafin ya iso na riga na jefa cokalina a cikin duron ruwa.

"Angona, ka zo a daidai. Cokalina ya faɗa duro, ni kuma baya ya ƙi."

Ya naɗe hannun dama, ya zura, ya ciro. Fata sumul.

Na karɓa, na sake jefawa.

"Kai, tsufa! Ya kuma suɓucewa. Gwada da hagun."

Ya dube ni, ya dubi duron. Sai ya yi dariyar wanda aka kama.

"Kaka, ai da kin tambaya kawai."

"Da ka faɗa mini?"

"A'a."

"To naɗe."

Ya naɗe a hankali. Na sa tabarau, na jawo hannun zuwa haske. Ƙuraje ne ƙanana jajaye, wasu sababbi wasu sun fara dushewa. Amma ba a warwatse suke ba. A dunƙule suke cikin da'ira uku tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kowacce daidai girman bakin kofi, kamar an auna. Na matsa, babu ruwa. Na duba tsakanin yatsu, babu komai. Na leƙa idonsa, na taɓa wuyansa.

"Suna ƙaiƙayi?"

"Sosai."

"Zazzaɓi?"

"Babu."

"Yaro, ban taɓa ganin cutar da ta iya zane ba. Wa ke yi maka wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi alkawari, Kaka. Sirrinta ne, ba nawa ba."

"Ko da za a hana ka ita?"

Ya warware hannun rigarsa. "Gara a hana ni saboda ƙarya da a ce ni na tona mata."

Na sake dubansa. A raina na ce, wannan ko wawa ne ko mutumin kirki, kuma galibi ɗaki ɗaya suke kwana.

Ranar Alhamis da hantsi na hau mota na tafi jami'a ban gaya wa kowa ba. Na tambayi sashen su Takwara, aka nuna mini wani dogon gini, aka ce ƙofar ƙarshe. Ƙofa biyu ce a jere, kowacce da labulen raga. Ina shiga ɗumi ya buge ni, ga warin ruwan da ya kwana. Farantai farare jere a kan kanta, cike da ruwa, wasu 'yan tsutsotsi na ta wutsil-wutsil a ciki. Gefe kuma kejuna na raga, da kofunan takarda an ɗaure bakinsu da raga, an ɗora auduga a kai.

Ga angona a zaune, hannun hagu a miƙe bisa kofi uku, ya runtse ido. Ga Takwara da farar riga tana kallon agogo.

"Saura minti huɗu, rabin raina. Ka daure."

"Ai na daure. Wannan ta tsakiyar dai ba ta da tarbiyya, ba ta ƙoshi."

"Salamu alaikum," na ce.

Agogon ya kusa faɗuwa daga hannunta.

"Kaka!"

"Rufe bakinki kada ɗaya ta shiga. Sauro ne?"

"Sauro ne..."

Na ja kujera na zauna. "To karanta mini. Tun daga farko."

Da fari muryarta na rawa, amma da ta shiga zancen aikin sai ta manta tsoro. Tsutsar sauro take ɗebowa daga kududdufan unguwanni biyar, ta rene su a nan har su yi fiffike. Sai ta sa su a jikin yankin gidan sauro mai magani na 'yan mintoci, ta ƙirga waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi abinsu. Shi ne binciken da za ta kammala digiri da shi.

"To hannun bawan Allah fa?"

"Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, Kaka. Na'urar da ake ɗumama musu jini ta lalace tun zangon farko. Ni kuma kin san cizo ɗaya yake sa jikina ya yi rudu-rudu, malamata ta hana. Shi ne ya sa hannu a takarda ya ce zai yi."

"Ba za su sa masa zazzaɓi ba?"

"A nan aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa cizon kowa ba sai shi. Shi ya sa ake gwada jininsa duk mako, kada shi ya sa musu."

Na yi dariya har da tari. Ashe sauron ake karewa daga gare shi! Ka ji asibitin da An ya gani.

"To me ye abin ɓoyo a nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma sai na tuna, dariyar ta tsaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanenta, Auta. Zazzaɓin cizon sauro, kwana uku. Yana da shekara shida. Ubansu da hannunsa yake ɗaura masa gidan sauro kullum. Tun daga lokacin ba a ambaton yaron a gabansa.

"Da na gaya wa Baba abin da zan bincika, ya ce 'yarsa ba za ta reni abin da ya kashe masa ɗa ba. Ya ce in canza. Na ce masa na canza..." Hawaye suka zubo mata. "Ban canza ba, Kaka. Ina so in sani. Auta a cikin gidan sauro yake kwana!"

"Lokaci ya cika," in ji angona a hankali. "Sun ƙoshi."

Na leƙa kofin. Cikkunansu sun yi jajur kamar 'yan duwatsun ado.

Ban jira Asabar ba. Ranar Juma'a da safe na kira babban ɗana na ce ya kai ni asibiti, ƙafa ta dame ni. Allah ya yafe mini, ƙafar kuwa da ma tana damuna. A hanya na ce ya juya jami'a.

"Inna, me za mu yi a nan?"

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Tuƙa."

Da ya ɗaga labulen ragar ya ga 'yarsa a tsakiyar kejuna, ga malamin a gefenta, sai ya tsaya cak. Fuskarsa ta canza.

"Wannan ne abin da kika ce kin bari?"

"Baba, na yi maka ƙarya." Ta durƙusa. "Ka yafe mini. Amma shi bai yi laifin komai ba. Nuna masa... don Allah nuna masa."

Yaron ya naɗe hannun riga. Ɗana ya dubi da'irorin, ya dubi kofunan da ke kan tebur. Ba wawa na haifa ba, bai buƙaci bayani ba.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai, Baba," in ji yaron.

"Ka ji abin da ake faɗa a kanka?"

"Na ji."

"Ka yi shiru?"

"Ita ya kamata ta gaya maka, ba ni ba."

Ɗana ya juya baya kamar zai fita. Hannunsa na kan labulen ya tsaya. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Me kika gano?"

Takwara ta miƙe ta ɗauko littafinta. "Na unguwarmu, Baba... cikin ɗari, hamsin da takwas ba su mutu ba. Sun taɓa maganin, sun tashi. Ban ce shi ne dalili ba. Ragar tana tsarewa, ba a daina ɗaurawa. Amma yaro idan ya jingina hannu da ita cikin barci..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ya juyo. Ban ga hawayen ɗan nan ba ko ranar da aka binne Auta. Ranar nan na gani.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce, "kullum ina tambayar kaina ta wane gefe na bar ta a buɗe."

"Baba..."

Ya karɓi littafin, ya bi lambobin da yatsa layi-layi, kamar mai neman suna. Sannan ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki gama shi." Ya dubi yaron. "Kai kuma ka daina susa, za ka ji wa kanka ciwo. Ka ce wa iyayenka ina jiransu gobe."

Takwara ta rungume ni maimakon shi, har ta kusa kayar da ni. "Sake ni, ja'ira," na ce, "angon nawa ne, aro na ba ki."

Da yamma Gwaggo ta zo da saurinta, ta ji an fasa aiken.

"Inna, to wai wace cuta ce da shi?"

"Ba shi da cuta. Sauron takwarata yake ciyarwa da hannunsa na hagu, Litinin da Alhamis, minti goma."