Farin Fili Bayan Hatimi

Da hantsin Litinin asibiti ya mayar wa makarantar jinya takardun shaidar kammala karatu uku. Lambobinsu ba sa cikin rajista, amma hatimin makarantar na nan daram. Sufeton 'yan sanda ya kwashe su ya nufi shagon matar da ke buga wa makarantar takardu, wadda 'yan layin ke kira Uwar Tawada.

"Ban da ke, mutum biyu ke da hatimin nan a kwamfuta," in ji shi. "Sakataren makarantar da mai zanen da ya tsara shi. Sakatare na hannunmu, tun safe yake rantsuwa."

Ta ɗora takarda ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma.

"Ranka ya daɗe, ku sake shi. Nasa irin hoton kwamfuta ne da ake kira PNG, bayansa fayau yake, duk inda aka ɗora shi launin takarda zai fito. Wannan kuwa dubi farin fili kewaye da shi."

"Mai zane fa?"

"Nasa SVG ne. Ko girman bango ka ja shi, layinsa ba ya fashewa. Wannan gefensa duk dishi-dishi. JPEG ne, wanda aka tura ta waya har ya ƙara lalacewa."

"To wa ke da JPEG?"

Ta ƙara sunkuyawa. A gindin hatimin ta hango ɗigon ja, alamar da take sa wa samfurinta. Sau ɗaya tak ta taɓa fitar da hatimin a JPEG.

"Hajiya, tambaya na yi."

"Ƙanena," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da na samu aikin, ni na tura masa don ya ga Yayarsa ta iya."

Kafin la'asar an samu fayil ɗin a wayar ƙanen, da sunayen mutum bakwai da ya yi wa takardu. Biyu har sun fara yi wa marasa lafiya allura. A ofishin 'yan sanda, da aka fito da ƙanen ya ce, "Yaya, ai ke kika..." Ta kau da kai.

Sakatare na bakin ƙofa, takalmansa a hannu. Ya nufo ta zai durƙusa.

"Don Allah tashi, Malam," ta ce, idonta a ƙasa. "Kai ai kwamfutarka a kulle take da kyau. Ni ce na bar ƙofa a buɗe."