Ragon da Ya Zo a Kwali

A wani gari an yi wani mutum mai yawan cewa, "Ni ba a cutata." In ya shiga kasuwa sayen rago, sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya dafa gadon baya, sannan ya taya.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, ya ga hoton wani rago a waya, fari tas, ga ƙaho, kuɗinsa rabin na kasuwa. Matarsa ta ce, "Maigida, ka ga haƙoransa kuwa?"

Ya ce, "Ni ba a cutata." Ya tura kuɗi.

Ran jajibere ya ɗauki ƙatuwar igiya, ya kira maƙwabta biyu su taya shi ja, suka nufi tasha. Direba ya miƙo masa kwali. Ɗan rago ne a ciki, ko yaye shi ba a yi ba. Ya kira mai ragon, waya a kashe.

Maƙwabcinsa ya raɗa masa, "Hoton yana wayarka. Sa shi kai ma, wani zai saya."

Mutumin ya ce, "A'a. Wawa ɗaya ya ishi garin nan."

Ya rungumi kwalinsa ya bi gida gida yana cewa, "An cuce ni, ku zo ku gani." Aka yi ta dariya, amma ba wanda ya ƙara tura kuɗi. Naman maƙwabta ya ci a Sallar nan.

Yara, mutumin nan ni ne. Ragon ya girma, kuma har yau kowace safiya sai na duba haƙoransa.