Gawar da Aka Kai Birmingham

Ku matso ku ji abin da ya sami Fusena, 'yar Hajiya Ubaida ta unguwar Cheetham Hill a Manchester.

Washegarin rasuwar tsohuwar, Fusena ta ɗauki likkafani ta nufi kamfanin jana'izar da suka damƙa wa gawar. Wasiyyar Hajiya ɗaya ce: kada baƙon hannu ya taɓa ta, 'yarta ce za ta yi mata wanka. Manajan bai ko ɗago kai ba. Ya ce firjinsu ya cika, sun miƙa ta ga wani kamfani a Birmingham, kuma haka kowa ke yi. Ta tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce in tana da magana ta kai wa hukumar gari.

Ta kira kawunta Ziblim, mai motar kaya. Wayarsa na kiran sallar magariba suka isa tsohon siton kamfanin a bayan unguwar Balsall Heath, a Birmingham. Mai gadi ya nuna ƙofar ƙarshe, ya ƙi matsawa. Kawu ya tsaya juya mota, Fusena ta shiga ita kaɗai.

Sanyi ya sare ta. Warin maganin wanki da na kwantaccen ruwa. Injin firji na gurnani. Gadaje masu taya a jere, kowanne an rufe shi da leda. Da lallen ƙafa ta gane uwarta.

Injin ya yi tsit.

Wani abu na tsugune wajen kan Hajiya. Gwiwoyinsa sun wuce kafaɗunsa. An cire mata ɗankwali, yana shafa furfurarta.

"Tamu ce," ya raɗa, da muryar Hajiyar. "An kawo ta ba sallama, ba dangi. Abin da aka yar, mu ke tsinta."

Fusena ta matsa kusa da gadon.

"Ni 'yarta ce. Ba wanda ya tambaye ni. Ban ba da ita ba."

Yatsu suka damƙe wuyan hannunta. Dogaye. Kamar ƙanƙara.

Ta yafa wa uwarta likkafanin da ɗaya hannun. Ta kama Ayatul Kursiyyu. Ta ja gadon.

Ledojin sauran gawarwakin suka fara motsi.

"Ɗauki taki," in ji muryar. "Waɗannan nasu ba su zo ba."

Bayanta ya bugi ƙofa, ta faɗo a jikin kawunta, gadon na biye da ita.

A Manchester ta wanke uwarta da hannunta, washegari aka rufe ta kafin azahar. Sai dai wuyan hannun nan bai sake ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Tun daga ranar, duk wanda ya rasu a unguwar, Fusena na shiga motar gawa ta zauna kusa da shi. In direba ya hana, sai ta miƙa masa hannun ta ce ya taɓa.