Taga ta Biyu

A wani gari can, wani magini ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki mai ƙatuwar taga. Amma kullum da rana sai ya tarar da ita a gindin bishiya tana fifita.

Ya faɗaɗa tagar, tana gindin bishiya. Ya ƙara faɗaɗawa, tana gindin bishiya.

Ran nan ya durƙusa ya ce, "Inna, me ɗakin nan ya rasa?"

Ta ce, "Sai yau ka tambaya? Ai iska kan leƙo, ta ga ba mafita, ta koma."

Ya huda 'yar taga a bangon da ke kallon babbar.

Washegari da azahar ya yi sallama, shiru. Ya leƙa, ga Inna tana ta sharar barci, maficinta yashe a ƙasa.